Kundin ƙaurar kwamfutocin shagona na Aboabo, a Kumasi, zuwa Windows 11

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta duk abin da na taɓa a kwamfutocin shagon nan da ranar da na taɓa shi, saboda na san halina: idan matsala ta taso nakan canja abubuwa biyar a zama ɗaya, idan kuma ta warware sai in rasa wanne ne ya yi magani. Kamfanin Microsoft ya daɗe da sanar da cewa daga ranar 14 ga wannan wata zai daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta, ni kuwa na yi ta jan ƙafa har saura kwana goma. Shagon da jama'a ke shigowa su cike fom ɗin fasfo, su duba sakamakon jarrabawar BECE da WASSCE, su buɗe imel ɗinsu, bai dace ya ci gaba da aiki da babbar manhajar da aka daina toshe ɓarakarta ba.

Kwamfutoci shida gare ni, kuma a nan zan riƙa kiransu da lamba. Ta ɗaya ita ce ta kan kanta, wadda firinta da sikana ke jone da ita, kuma a cikinta jakar da kowa ke zuba aikin da za a buga take. Ita da ta biyu da ta uku da ta huɗu ƙira ɗaya ce, na kwance ne da na sayo tare a Adum a 2023, kowace da Intel Core i5 tsara ta takwas, RAM gigabait 8, da faifai mai juyawa na gigabait 500. Ta biyar da ta shida tsofaffi ne da suka girme su nesa ba kusa ba.

Yau na gwada su duka da manhajar PC Health Check. Sharuɗɗan Windows 11 sanannu ne: TPM 2.0, wato ɓangaren injin da ke adana mabuɗan tsaro, da Secure Boot, mai tantance manhaja a lokacin tashin kwamfuta, da RAM aƙalla gigabait 4, da fili gigabait 64, sannan a ɓangaren Intel sai tsara ta takwas zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan. Tsofaffin biyu sun faɗi tun a kan tsara. Cikin huɗun nan uku sun haye, ta biyu ce kawai aka ce ba ta da TPM, abin da bai shiga kaina ba tunda uwa ɗaya uba ɗaya suke da sauran.

Litinin, 6 ga Oktoba

Maganar TPM ba ta ɗauki minti biyar ba. A cikin BIOS, wato saitin tushe na injin, an kashe abin da Intel ke kira PTT, wanda shi ne TPM ɗinsu, na kunna shi, gwajin ya haye.

Na shiga Adum da safe na sayo faifan waje mai terabait 1 a kan sidi 850 da filashi mai gigabait 32 a kan sidi 90. Yinin yau kwafe fayiloli kawai muka yi, ni da ƙanena, musamman jakar makarantun Islamiyya da muke yi wa bugun takardun jarrabawa, da samfuran katunan aure da na suna waɗanda muka shekara da shekaru muna tarawa. Na kuma rubuta lambobin lasisin Office a bayan wannan littafi. Da dare na sauke fayil ɗin ISO na Windows 11, wato kunshin da ake saka manhajar da shi, sigar 25H2 da ta fito a ƙarshen Satumba. Ya haura gigabait 5, shi ya sa na ga gara in sauke shi sau ɗaya in yi wa dukkansu amfani da shi, maimakon kowace kwamfuta ta ci nata datar.

Laraba, 8 ga Oktoba

Bayan sallar isha'i na fara da ta huɗu, domin ita ce ta lungu wadda ba a cika zama a kanta ba. Na zaɓi a bar fayiloli da manhajoji yadda suke. Aikin ya ci kusan awa biyu da rabi, yawanci saboda nawar faifan. Da ta tashi, abu na farko da na yi shi ne tsawaita wa'adin komawa baya. Bayan irin wannan ƙaura, Windows na ajiye tsohuwar manhajar a jakar Windows.old na kwana 10 kacal, amma umarnin DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:60 na mayar da wa'adin kwana 60, muddin an ba da shi kafin kwana goman su cika.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Matsala ta farko ta bayyana tun kafin hantsi. Yaron shagon ya zo ya ce, "Maigida, ta huɗu ba ta ganin firinta." Ba firinta kaɗai ba, jakar aikin ma ta ƙi buɗuwa. Dalilin bai yi wuyar ganowa ba. Tun da na haɗa kwamfutocin nan ban taɓa sa wa jakar kalmar sirri ba, kowace tana shiga ne a matsayin baƙuwa. To tun daga sigar 24H2, Windows 11 Pro ya rufe wannan ƙofa ta baƙi, kuma yana buƙatar a riƙa sa hannu a kan saƙonnin da ke kai-komo tsakanin kwamfutoci ta hanyar SMB, wato tsarin raba jaka a layi, alhali shigar baƙi ba ta ɗaukar wannan sa hannu.

Akwai hanyar sake buɗe ƙofar da 'yan umarni biyu, kuma ƙanena ya so mu bi ta, amma na ƙi. Shago ne da kowa ke shigowa ya hau Wi-Fi ɗinmu da wayarsa, a jakar nan kuwa akwai hotunan katin Ghana Card na mutane da takardun haihuwar 'ya'yansu. Sai na buɗe wani asusu na musamman a kwamfutar kanta, na sa masa kalmar sirri, na ba shi izinin jakar da firinta kawai. Ta huɗu ta shiga nan take. Na bi sauran na adana musu wannan asusu.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Na ƙaurar da ta biyu bayan an sauko daga masallaci. Lafiya ƙalau.

Asabar, 11 ga Oktoba

Ranar yau ba ta yi daɗi ba. Tun la'asar hadari ke haɗuwa ta gabas, kuma duk wanda ya zauna a Kumasi ya san ruwan Oktoba da tsawa yake zuwa, ya kuma san abin da ke biyo bayan tsawa. Duk da haka na fara aikin ta uku, ina taƙama da cewa akwai UPS, na'urar batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, a ƙarƙashin teburin. Ƙidayar da ke kan allo ta kai kashi 60 da wani abu, a zagayen da kwamfuta ke kashe kanta tana kunnawa, sai aka ɗauke wuta. UPS ɗin ya yi ƙara sau biyu ya mutu. Batirinsa ya daɗe da lalacewa ban sani ba, domin ban taɓa zare shi daga bango in gwada ba tun da na saya.

Da wuta ta dawo wajen ƙarfe tara, kwamfutar ta rubuta cewa tana warware sauye-sauyen da aka yi, ta daɗe a haka, daga bisani ta koma Windows 10. Na yi hamdala, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Buɗe jaka ɗaya sai ya ɗauki minti guda, fitilar faifan na kunne ba ƙiftawa, kuma da na kara kunnena a jikin akwatin sai na ji wani ɗan ƙas-ƙas yana maimaita kansa kamar agogon bango. Na ba da umarnin binciken faifai, chkdsk /r, na bar ta ta kwana tana aiki.

Litinin, 13 ga Oktoba

Binciken ya gano wurare da dama da ba sa karantuwa. Na duba lafiyar faifan da manhajar CrystalDiskInfo, ta nuna alamar gargaɗi ruwan ɗorawa, da adadin gurabun da aka riga aka sauya wa wuri da waɗanda ke jiran a sauya musu. Ba na jin ɗauke wutar ce ta haifar da wannan duka. Faifan ya tsufa tun a hannun masu shi na farko, ƙaurar manhaja kuwa aiki ne da ke sa a rubuta dubban fayiloli a jere, sai ta taɓo inda ciwon yake. Na duba sauran ukun, nasu na nuna lafiya. Na cire ta uku daga layi har sai na sami SSD, wato faifai marar juyawa mai sauri.

Batiran UPS guda biyu, masu bolt 12, sidi 230 kowane. Wannan karon na zare filogi da hannuna na tsaya da agogo ina kallo.

Talata, 14 ga Oktoba

Yau ce ranar da aka yanke wa Windows 10. Ta biyar da ta shida da ta kanta sun karɓi gyaran ƙarshe na kyauta. Ba abin da ya canja a fuskarsu, suna aiki yadda suka saba, kuma sai da na yi wa yaron shago bayani cewa ba mutuwa za su yi ba, gadi ne aka janye.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Na bar ta kanta sai Lahadi saboda ita ce cibiyar shagon. Ƙaurar ta tafi daidai, sikana ta yi aiki, sai dai firinta ta tsaya da takardu uku a layi, ba su fita ba kuma sun ƙi gogewa. Na tsayar da Print Spooler, wato sashen Windows mai kula da layin bugawa, na share abin da ke cikin jakar C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, na sake tayar da shi, sannan na cire direban firintar gaba ɗaya na saka sabon da na sauko daga shafin masu ƙera ta. Shafin gwaji ya fito tas. Na rufe shago na tafi gida da murna.

Litinin, 20 ga Oktoba

Abubuwa biyu suka same ni yau, ɗaya na kunya, ɗaya na ciwon kai.

Na kunyar shi ne, wani malamin Islamiyya da ya daɗe yana kawo mana aiki ya aiko a buga masa takardun jarrabawa kofi 120, yaron ya buga ya ƙunshe ya ba ɗan aike. Bayan azahar sai ga Malam da kansa da takardun a hannu. Ya ce, "Alhaji, ina tambaya ta goma ta shiga?" Na duba, layi biyu na ƙasan kowane shafi sun yanke. Sabon direban da na saka jiya ya zo da girman takarda irin na Amurka, wanda tsawonsa milimita 279 ne, mu kuwa A4 muke amfani da ita mai milimita 297. Wannan tazara ta milimita 18 ita ta cinye tambayar. Shafin gwaji bai nuna mini ba domin rubutunsa bai kai ƙasa ba. Na ba Malam haƙuri, na gyara girman a wurare biyun da direban ke ajiye shi, wato saitin mai amfani da kuma saitin asali wanda sauran kwamfutoci ke gada, muka sake bugawa a kan asarata.

Na ciwon kan kuwa, ta biyu da ta huɗu sun daina shiga kwamfutar kanta. Suna tambayar kalmar sirri, a rubuta daidai, su ce ba daidai ba ne, su sake tambaya. Ta biyar da ta shida kuwa, da wannan asusu da wannan kalma, suna shiga ba gardama.

Laraba, 22 ga Oktoba

Kwana biyu ke nan ina fama. Ga abin da na gwada, ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na yi wa kaina alkawari, ina mayar da kowane yadda yake idan bai yi amfani ba. Na goge kalmomin da aka adana a Credential Manager na sake shigarwa. Na canja kalmar sirrin zuwa lambobi zalla, ko da matsalar daga madannai ce. Na rubuta sunan kwamfutar kafin sunan asusun. Na kira ta da lambar IP maimakon suna. Na tabbatar dukkansu sun ɗauki layin shagon a matsayin na gida ba na bainar jama'a ba. Na daidaita agogunansu. Na kashe katangar tsaro na minti biyar. Na gudanar da sfc /scannow da DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth a kan ukun, ba su sami wani abin kirki ba.

Tunanina ya tsaya a kan cewa Windows 11 ne ba ya jituwa da ɗan'uwansa Windows 11 a layin nan, tunda masu shiga duka Windows 10 ne. Ƙanena ya ce, "Yaya, ka mayar da ta kanta baya mana mu huta, ai ka ce kana da kwana 60." Gaskiya ne ina da su, amma komawa baya gudu ne ba tsira ba, domin watan gobe ma dole in dawo in tarar da matsalar tana jirana.

A halin yanzu da filashi muke jigilar aiki daga tebur zuwa kanta, abin da na fi tsana, domin ta wannan hanya ce cutar nan mai mayar da jakunkuna gajerun hanyoyi ta taɓa cinye mana mako guda. Na ware filashi ɗaya na shago, na ɗaura masa jan zare, na hana a soka na kowa a kwamfutar kanta.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Na sayo SSD mai gigabait 256 a kan sidi 330 domin ta uku. Tunda faifai sabo ne, sabon zubi na yi mata daga tushe: na rubuta ISO ɗin a filashi da manhajar Rufus, na tayar da ita daga nan. Ƙasa da minti 30 aka gama, lasisin kuma ya farfaɗo da kansa da ta hau intanet, domin yana ɗaure ne da jikin injin.

Ban sa rai da komai ba lokacin da na rubuta sunan kwamfutar kanta a cikinta. Ta tambayi kalmar sirri, na rubuta, jakar ta buɗe. Na tura shafi, firinta ta buga. Na zauna shiru ina kallon allon. Ga Windows 11 ya shiga Windows 11, sigarsu ɗaya da waɗanda ake kora, a waya ɗaya da rauta ɗaya. Wannan ya rushe duk abin da na gina a kaina tun ranar Litinin. Bambancin ta uku da 'yan'uwanta guda ɗaya ne tak: ita an zuba mata sabuwa, su kuwa sun taho da kayansu na da.

Asabar, 25 ga Oktoba

Na gano shi, kuma laifin nawa ne, tun na 2023.

Da asuba na buɗe Event Viewer, rajistar da Windows ke rubuta abin da ya faru, a kwamfutar kanta, wurin da ya kamata in fara dubawa tun ranar farko, maimakon in yi ta laluben waɗanda ake kora. A rajistar System na tarar da saƙo mai lamba 6167 yana maimaituwa a daidai lokutan da na yi ta gwada shiga, yana cewa shaidar injin ba ta dace ba. Da na bi diddigin lambar sai na iske bayanin da Microsoft ya fitar a kan batun: gyare-gyaren Windows 11 da suka fito daga 29 ga Agustan bana zuwa yau sun ƙara tsaurara bincike a kan lambar shaidar tsaro da ake kira SID, kuma kwamfutoci biyu masu SID iri ɗaya ba za su amince da juna ba.

Kowane zubin Windows yana ƙirƙirar tasa SID ɗin a lokacin da ake saka shi. Ni kuwa da na sayo injinan nan huɗu, domin in tsimi data da lokaci, ɗaya kawai na yi wa zubi, na saka mata Office da direbobi da komai, sannan na kwafe faifanta sukutum zuwa sauran ukun, na canja musu suna kawai. Ƙa'idar da aka daɗe da shimfiɗawa ita ce a gudanar da manhajar Sysprep, mai share shaidar injin, kafin a kwafa, domin kowace ta samu tata shaidar idan ta tashi. Na san da wannan ƙa'ida a lokacin, na tsallake ta saboda na ga komai na tafiya. Shekara biyu kwamfutoci huɗu suna yawo da katin shaida ɗaya ba wanda ya tambaye su, ƙaura ta bisa tsohon zubi kuma ba ta canja SID.

Domin in tabbatar, na rubuta whoami /user a kowace. Lambar na farawa da S-1-5-21, sai rukunin lambobi uku masu tsawo waɗanda su ne shaidar injin, sai 'yar gajeruwa ta ƙarshe ta asusun. Na kwafe su a takarda na jera. Ta ɗaya da ta biyu da ta huɗu, rukunai ukun nan ba su bambanta ko da lamba ɗaya ba. Ta uku daban, ta biyar daban, ta shida daban. Wannan kuma ya bayyana dalilin da ya sa ta biyu da ta huɗu suka yi ta shiga lafiya har zuwa ranar 19, lokacin da mai karɓar baƙin take kan Windows 10 ba ta duba wannan shaida.

Mun yi 'yar muhawara da ƙanena a kan mafita. Shi yana ganin a sake zubin ta kanta kaɗai, aiki ɗaya maimakon biyu, kuma lissafinsa daidai ne, domin da zarar ta samu sabuwar shaida sauran za su shiga. Ni kuma na duba cewa ita ce mai firinta da sikana da asusu da saitin da na sha wuya kafin ya zauna, sannan ko an yi hakan ta biyu da ta huɗu za su ci gaba da zama tagwaye, wata rana su sake ba mu mamaki. Akwai ƙananan manhajoji da ake yaɗawa masu canja SID ba tare da sabon zubi ba, amma ba zan gyara wata gajeriyar hanya da wata gajeriyar hanyar ba. Na yanke a sake zubin biyun.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Tunda za a sake zubi, kuma na ga yadda ta uku ke tashi cikin daƙiƙu kaɗan, na saya wa biyun SSD jiya da yamma, sidi 320 kowane bayan ciniki. Kafin magariba dukkansu sun shiga jakar sun kuma buga. Tsofaffin faifan na rubuta musu lamba na ajiye a durowa, ba zan goge su ba sai bayan wata guda.

Wani abin lura: sabon zubi da aka shiga da asusun Microsoft yana kulle faifai da BitLocker da kansa ba tare da ya yi shela ba. Na shiga asusun na buga mabuɗan ceto na ukun, kowane lamba 48, na kai gida na ajiye tare da takardun shago.

Talata, 28 ga Oktoba

Sabon zubi ya zo da nasa ƙananan gyare-gyare. Yaron ya buɗe takardar Larabci ta wata makaranta a ta biyu, sai ya ga shafi biyu sun zama uku, wasulla sun hau kan juna. Salon rubutun da muka saba amfani da su, irin su Traditional Arabic da Sakkal Majalla, ba sa zuwa tare da zubin Turanci, suna cikin wani ƙarin kunshi ne na salon rubutun Larabci da ake saukewa daga sashen abubuwan zaɓi, ko kuma ya sauko da kansa idan an ƙara harshen. Da babu su sai Word ya musanya da wani salon mai faɗi. Na saka kunshin a ukun, takardar ta koma shafi biyu.

Na ƙara madannan Larabci da na Hausa, ana sauyawa da maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara. Saboda masu kawo sanarwar jana'iza da Twi, na manna wata 'yar takarda a gefen kowane allo: a Word, idan an rubuta 025B aka danna Alt da X sai ɛ ta fito, 0254 kuma ɔ. Na ƙara da namu, 0199 domin ƙ, 0257 domin ɗ, 0253 domin ɓ, saboda yaron ya fi saurin haddace lamba a kan neman maɓalli.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Mako ya wuce ba ƙorafi. Na kwance jan zaren daga filashin.

Talata, 4 ga Nuwamba

An ɗauke wuta cikin dare na tsawon lokaci. Da safe ta biyu ta tashi da shuɗin allo tana neman mabuɗin BitLocker. Ƙaramin batirin da ke riƙe saitin BIOS, wato CR2032, ya mutu, saitin ya koma na masana'anta, Secure Boot ya kashe kansa, agogo ma ya koma shekarun baya. BitLocker kuwa da ya ga yanayin tashin injin ya canja sai ya ƙi sakin faifan. Na aiki yaron gida ya karɓo takardar a wurin uwargida, na canja batirin, na mayar da saitin da agogon, na shigar da lambobi 48 ɗin a hankali yana karanto mini shida-shida. Ta buɗe. Na canja wa sauran ukun batir tun kafin su nema, duka huɗun sidi 40, kuma kafin in taɓa ta uku da ta huɗu sai da na dakatar da BitLocker na ɗan lokaci domin kada su ma su tambaya.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Jiya ce Talata ta biyu a wata, ranar da gyare-gyaren wata-wata ke fitowa, kuma a agogonmu na Ghana wajen ƙarfe 6 na yamma suke isowa a wannan lokaci na shekara. Tsarin da na ɗauka shi ne, ta huɗu ce zakaran gwajin dafi: ita kaɗai ke karɓa a daren farko, sauran na dakatar da su na mako guda, ta kanta kuma ita ce ta ƙarshe, ranar Lahadi, bayan na kwafe jakar aiki zuwa faifan waje. Yau da safe na gwada ta huɗu da abubuwa huɗu: shiga jaka, buga cikakken shafin A4 mai rubutu har ƙasa, buɗe takardar Larabci, da buɗe shafin cike fom. Duka sun yi. Na kuma kunna saitin da ke ba kwamfutocin layi ɗaya damar karɓar gyara daga junansu, in ga ko zai rage cin data.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Lissafin kuɗi zuwa yau: faifan waje 850, filashi 90, batiran UPS 460, SSD uku 970, ƙananan batira 40, ƙarin data 250. Jimla sidi 2,660, ban da takardun Malam da na sake bugawa da cinikin da ya tsere a makon jigilar filashi.

Saura tsofaffin biyu. Akwai shirin ƙarin wa'adin tsaro na Windows 10, wanda na ɗaiɗaikun mutane zai kai 13 ga Oktoban 2026, na 'yan kasuwa kuma dala 61 ne kowace kwamfuta a shekarar farko, kuɗin da ban ga dalilin zuba shi a kan injinan da suka kusa ritaya ba. Dabarun tsallake sharuɗɗan Windows 11 ma na ajiye su gefe. Ta biyar zan zare ta daga intanet ta zama ta buga rubutu kawai. Ta shida na saka mata wata babbar manhaja daban, Linux Mint 22, mai fuskar Xfce saboda rashin nauyinta, wanda ke da tallafi har 2029, a ɗaya daga cikin faifan da na cire, duk da wata gudan bai cika ba, bayan na tabbatar babu abin da ban kwafe ba a cikinsa. Masu zuwa duba sakamako da cike fom burauza kawai suke buƙata, kuma mutum uku da suka zauna a kanta yau ba wanda ya yi tambaya. Abin da bai yi ba tukuna shi ne bugawa: tana ganin firintar kanta amma aikin na maƙalewa a layi. Gobe bayan na sabunta ta kanta zan duba ko direba ne ko kuwa yadda na rubuta adireshin firintar.